Yadda Ake Sauraron Rediyo ta Intanet a Waya Ba Tare da Ɓarnar Data ko Yankewar Sauti Ba

Rediyo iri biyu ne ke fita daga wayar hannu, kuma gara a raba su tun farko don kada mutum ya yi ta neman gyara inda babu matsala. Akwai FM ɗin da wasu wayoyi ke zuwa da shi daga kamfani. Wannan daga iska yake kamo tasha, tsakanin megahaz 87.5 da 108, ba ya taɓa data ko kaɗan. Sai dai a yawancin wayoyi dole ka soka iyafis mai igiya, domin igiyar ce eriyarsa, kuma tashoshin da ke kusa da kai kawai zai ba ka. iPhone ba ta da shi, manyan wayoyin Android da dama ma sun daina zuwa da shi. Na biyun shi ne rediyon intanet, wanda ke kawo maka tashar da ke wata ƙasa tangaram kamar a bayan ɗakinka take, amma kowane sakan ɗaya na sautin sai ya bi ta data ko Wi-Fi. A kansa za mu tsaya.

Abin da ke faruwa idan ka danna kunnawa

Tashar tana ɗaukar sautin da ke fitowa daga ɗakin gabatar da shirye-shirye, ta matse shi da kwamfuta ya ƙanƙance, ta tura wa wata kwamfutar da ake kira saba. Ƙanana da matsakaitan tashoshi galibi suna amfani da Shoutcast, wanda ya fito a 1998, ko Icecast da ya biyo bayansa ba da jimawa ba. A wannan tsari wayarka na buɗe layi guda zuwa sabar, sauti ya riƙa kwarara ta cikinsa ba tsayawa. Manyan tashoshi da yawa kuwa sun koma HLS, tsarin da Apple ya fito da shi a 2009, wanda ke yayyanka sautin gutsure-gutsure na 'yan sakanni, wayar ta riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya.

Ko wanne aka bi, wayar ba ta jiyar da kai abin da ya iso nan take. Sai ta tara na 'yan sakanni a wata 'yar ma'ajiya tukuna. Ɗauki ma'ajiyar nan kamar tankin ruwa: netwok na zubawa ta sama, kunnenka na ɗiba ta ƙasa. Muddin abin da ke shiga ya kai wanda ke fita, ba za ka ji komai ba sai shiri. Da zarar shigar ta ja baya, tankin ya ƙafe, sai sauti ya ɗauke, 'yar da'irar nan ta fara juyawa a kan allo. Kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita, ko dai famfon da ke zubawa ne ya yi rauni, ko wani abu a cikin wayar ya rufe shi, ko kuma can a tashar ruwan ya ɗauke.

Lambar da ke mulkin datarka

Kowace tasha tana da lamba da ake rubutawa da kbps a bayanta: 32, 48, 64, 96, 128, wani lokacin har 320. Wannan lambar ce yawan datar da sautin ke ci a kowane sakan. Ba ta da alaƙa da ƙarar murya. Ko ka ƙure ƙara, ko ka kashe ta gaba ɗaya, datar da ke tafiya ɗaya ce.

Lissafin ba wuya. Ka ninka lambar da 0.45, abin da ya fito shi ne megabait nawa za ta ci a awa guda. Tasha mai 32 tana cin MB 14.4, mai 48 tana cin 21.6, mai 64 tana cin 28.8, mai 128 tana cin 57.6, mai 320 kuwa MB 144 a awa ɗaya tak. In ba ka son dogon lissafi, raba lambar gida biyu kawai. Abin da ka samu zai ɗan haura ainihin adadin, kuma wannan rarar ce za ta rufe 'yan bayanan da ke rakiyar sautin a hanya da kuma sake haɗawa idan layi ya yanke.

Sai an duba wata guda ake ganin bambancin sosai. Mai sauraron awa 3 kullum ya yi awa 90 a wata. A kan 128 zai ƙona kusan GB 5.2. A kan 64, kusan 2.6. A kan 32, kusan 1.3. Mutum ɗaya ne, shiri ɗaya ne, amma sauraro a kan 128 ya ci ninki huɗu na sauraro a kan 32, kuma in labarai ne ko hira, da ƙyar kunnensa zai gane bambanci.

Dalili kuwa shi ne lambar kaɗai ba ta faɗin daɗin sauti, sai an haɗa da irin matsin da aka yi masa. MP3 tsohon tsari ne tun na shekarun 1990, kuma yana buƙatar fili. Idan aka sauke shi ƙasa da 64, kiɗa kan koma kamar daga cikin gwangwani yake fitowa, harafin "s" a bakin mai magana ya riƙa fito. HE-AAC, wanda za ka fi gani an rubuta AAC+, an ƙirƙire shi ne musamman don ƙananan lambobi, shi ya sa 48 ɗinsa kan yi daɗin da MP3 ba zai kai ba sai ya ci data mai yawa fiye da haka. Opus, wanda aka daidaita a 2012, shi ma gwani ne a wannan fage, sai dai tashoshin da ke amfani da shi ba su kai na sauran yawa ba. A ganinmu, ga shirin magana, AAC+ mai 32 ko 48 ya wadatar. Ga kiɗa da iyafis mai kyau, AAC+ mai 64 ko MP3 mai 128. Sauraron 320 ta 'yar lasifikar waya asara ce tsantsa, domin lasifikar ba za ta iya fitar da abin da ka biya ba.

Kada ka yarda da lambar da aka rubuta kawai, ka auna da kanka. A Android, shiga saitin waya, ka buɗe jerin manhajoji, ka zaɓi wadda kake sauraro da ita, ka duba datar da ta ci zuwa yanzu, ka rubuta. A iPhone jerin yana ƙarƙashin Cellular ko Mobile Data. Kashe Wi-Fi, ka saurari awa guda cif da allo a kashe, ka sake dubawa. Idan tashar 64 ce amma ka ga MB 60 ko 80 sun tafi, to ba sautin ne ya ci su ba. Tallace-tallace ne, musamman na bidiyo da wasu manhajoji ke sakawa kafin tasha ta buɗe, da hotunan da suke ta sauyawa a ƙasan allo.

Nan ne ya kamata a ja kunne game da sauraron tasha ta shafinta na Facebook ko YouTube. Wannan ba rediyo ba ne, bidiyo ne, ko da hoton tambarin tashar kawai kake gani. Bidiyon da ke gudu a kan megabit 1 a sakan (1000 kbps ke nan) yana cin MB 450 a awa, wato abin da zai ishe ka awa 15 a tasha mai 64. Ga shi kuma manhajar YouTube ta kyauta tana tsayawa da zarar ka kulle allo, don haka batir ma sai ya ji a jikinsa. In babu wata hanyar sai wannan, shiga saitin bidiyon ka sauke shi zuwa 144p.

Da me za ka kunna

Hanya mafi sauƙi ita ce manhajar da ta tara tashoshi, irin su TuneIn, myTuner Radio da Simple Radio. Ka rubuta sunan tasha, ka danna, shi ke nan. Radio Garden kuma taswirar duniya ce mai koren ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo gari ne da tashoshinsa, ta fi dacewa da mai son yawon gano sababbi. Aibin waɗannan shi ne talla, da kuma cewa ba koyaushe suke ba ka damar zaɓen lamba ba. Duk da haka ka leƙa saitinsu, wasu suna da wurin da za ka ce su fifita ƙaramin sauti idan kana kan datar waya. A Android akwai RadioDroid, kyauta ce, babu talla, ana samunta a F-Droid, wani rumbun sauke manhajojin Android na kyauta, kuma tana nuna lamba da irin matsin kowace tasha tun kafin ka danna.

Kafin ka sauke kowace manhaja, duba izinin da take nema. Manhajar rediyo ba ta da aikin yi da lambobin mutanenka, ko saƙonninka, ko kyamara. Wadda ta nace sai ka ba ta waɗannan, rabu da ita, akwai wasu da yawa. Wurin da kake ma ba dole ba ne, don nuna maka tashoshin kusa kawai ake nemansa.

Sauraro ta burauza yana yi, amma ba shi da tabbas. Shafin tasha kan zo da nauyin hotuna da talla, kuma idan waya ta ji ƙwaƙwalwarta ta cika, shafin da ke baya ne take fara rufewa.

Adireshin sautin kai tsaye

Wannan hanyar ta fi ɗan wahala a karon farko, amma ita ce muka fi ba da shawara ga duk mai tasha biyu ko uku da yake ji kullum. Kowace tasha tana da adireshin da sautinta ke fitowa, daban da adireshin shafinta. In ka same shi, ka tsallake talla da duk wani ɗan tsakiya, ka kuma zaɓi lambar da kake so da hannunka.

Siffarsa kan zo kamar haka: http://misali.example:8000/live. Lambar 8000 ɗin nan ƙofar da Icecast da Shoutcast suka saba buɗewa ce, abin da ke bayan sandar ƙarshe kuma sunan sautin ne. Wasu adireshin suna ƙarewa da .mp3 ko .aac, na HLS kuma da .m3u8.

Fara nema a shafin tashar. Tashoshi masu lura sukan ajiye wurin da aka rubuta a saurara da wata manhaja, da 'yan mahaɗai masu ƙarewa da .pls ko .m3u. Waɗannan ba sauti ba ne, 'yar takarda ce mai layi biyu ko uku. Idan ka buɗe .pls da manhajar karanta rubutu za ka ga layin da ya fara da File1=, abin da ke gabansa shi ne adireshin. In shafin bai ba da komai ba, je radio-browser.info, kundi ne na kyauta da jama'a ke cikawa, ka nemi sunan tashar. Sau da yawa za ka tarar da tasha ɗaya an jera ta sau biyu ko uku, wannan MP3 mai 128, wancan AAC+ mai 48. Ɗauki ƙaramin. In nan ma babu, a Chrome na Android rubuta view-source: a gaban adireshin shafin tashar, rubutun da aka gina shafin da shi zai bayyana, sai ka yi amfani da abin nema na burauzar ka nemi mp3, ko aac, ko m3u8, ko 8000. Ba kullum ake dacewa ba, domin wasu shafukan sai an danna kunnawa suke ɗauko adireshin daga wani wuri.

Idan ka samu, kwafe shi ka buɗe VLC, wadda kyauta ce a Android da iPhone. A Android shiga More, ka nemi wurin sabon Stream, ka liƙa adireshin. A iPhone shiga Network, sannan Open Network Stream. VLC na riƙe adireshin da ka taɓa buɗewa, gobe dannawa ɗaya ce. Ka kuma ajiye kwafi a wani wuri, ko da a cikin manhajar rubutu ne, saboda ranar da za ka sauya waya.

Abubuwa uku kan ba mutane wahala a nan. Na farko, tsofaffin sabobin Shoutcast kan buɗe maka shafin bayani maimakon sauti, maganinsa ka ƙara /; a ƙarshen adireshin. Na biyu, adireshin da ke da alamar tambaya da dogon jerin haruffa a bayanta galibi yana ɗauke da makulli mai ƙarewa, yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Gwada goge duk abin da ke bayan alamar tambayar. In ya ƙi, to tashar ba ta yarda a ji ta sai ta manhajarta. Na uku, adireshin da ya fara da http ba tare da s ba kan ƙi buɗewa a cikin wasu shafuka da wasu manhajoji, domin burauzoji na zamani ba sa son cakuɗa abin da aka tsare da wanda ba a tsare ba, kuma tun daga Android 9 manhaja sai ta nemi wannan dama da gangan. VLC ba ta da wannan matsalar.

Idan sauti na yankewa

Kafin ka taɓa kowane saiti, yi gwaji ɗaya: buɗe wata tashar daban, mai lamba iri ɗaya, a cikin manhajar. In ita tana tafiya lami lafiya, laifin ba na wayarka ba ne. Kwamfutar da ke turawa daga tashar ce ta mutu, ko intanet ɗinsu ya ɗauke, ko sabar ta cika, domin ƙananan tashoshi da yawa suna biyan kuɗin adadin masu sauraro ƙayyadadde ne, in sun cika sai wani ya fita. Idan manhajar ta nuna maka lambar kuskure, 404 tana nufin babu sauti a wannan adireshin yanzu, ko an sauya shi. 403 na nufin an hana ka, 503 kuma sabar ce ta gaza ɗauka. Haka nan idan tasha na tafiya daidai amma ta yi shiru ko ta sako wani abu daban da zarar an fara sharhin ƙwallo, ba lalacewa ba ce. Haƙƙin watsa wasan na ƙasarsu ne kawai, sai su toshe na waje.

In duk tashoshi ne ke yankewa, lura da lokacin da abin ke faruwa, shi zai nuna maka mai laifi.

Wanda ya fi yawa a Android shi ne wannan: sauti na tafiya, ka kashe allo, ka sa waya a aljihu, bayan minti biyar ko goma ya mutu. Ka ciro ta, ka kunna allo, wani lokacin ya dawo da kansa. Wannan ba netwok ba ne, mai tsimin batir ne. Tun Android 6 ta 2015 wayar ke da tsarin sa manhajoji barci, kamfanonin waya da yawa kuma sun ƙara nasu a kai, mai tsanani fiye da na asali. Shiga saiti, jerin manhajoji, manhajar rediyon, sannan batir, ka zaɓi Unrestricted ko abin da ya yi kama da shi a wayarka. A wurin data na wannan manhajar ka tabbata an bar ta ta yi aiki a bayan fage, kuma in kana amfani da Data Saver, ka cire ta daga cikin waɗanda ya shafa. A wayoyin Samsung duba jerin manhajoji masu barci ka fitar da ita. A wasu wayoyin akwai kuma izinin tashi da kai, da ɗan kwaɗon da ake danna wa manhaja a jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan don kada a share ta. In kana da manhajar da ke cewa tana share waya ko ƙara mata gudu, ita ce ta farko da za ka zarga. A iPhone wannan matsalar ba ta cika faruwa ba, sai dai ka duba Low Data Mode, ka kuma tabbata ba a kashe wa manhajar datar waya ba.

Idan kuwa da yamma ne ko wurin cunkoson jama'a yake tsinkewa, alhali sandunan sabis a cike suke, ka sani sandunan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da ƙarfen sabis kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa kuke rabon sa. Dubi harafin da ke gefensu. E na nufin EDGE, wanda a zahiri da ƙyar yake riƙe tasha mai 128, amma yakan ɗauki 32 ko 48. G ya fi shi rauni. H da H+ da 4G sun fi ƙarfin kowace tasha in babu cunkoso. Magani biyu ne: sauka zuwa ƙaramar lamba, sannan faɗaɗa tankin. A VLC, cikin saitin Advanced na Android akwai Network caching, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, don haka 5000 sakan 5 ke nan, 10000 sakan 10. A iPhone zaɓi ne daga ƙarami zuwa babba. Kada ka ji tsoron cika waya, sakan 10 na tasha mai 64 bai wuce KB 80 ba. Abin da za ka biya kawai shi ne ɗan jira kafin sauti ya fara.

A kan hanya kuma, waya na tsalle daga wannan ƙarfen sabis zuwa wancan, wani wurin ta faɗo daga 4G zuwa E ta sake hawa. Babban tanki yana haɗiye yawancin wannan. Wanda ba ya haɗiyuwa shi ne fita daga Wi-Fi zuwa datar waya, domin adireshin wayarka a intanet yana sauyawa, layin Icecast ko Shoutcast kuma guda ɗaya ne, in ya tsinke sai an sake ƙulla shi. HLS ya fi jure wannan tunda gutsure-gutsure yake ɗaukowa. Mafi muni shi ne bakin iyakar Wi-Fi, inda wayar ke maƙale da siginar da ba ta kawo komai. In za ka fita, kashe Wi-Fi da hannunka tun kana ciki, ka sake kunna tashar a kan data.

Kira ma yana yanke sauti, kuma ba don ƙarar kiran kaɗai ba. A waya mai layi biyu, idan kira ya shigo ta layin da ba shi ke ba da data ba, a yawancin wayoyi datar ɗaya layin tana tsayawa har a gama. Haka in layinka ba shi da VoLTE, wato tsarin yin kira ta kan 4G, wayar kan sauka daga 4G don ɗaukar kira, in ta sauka har 2G data ta tsaya cak. Manhaja mai kyau za ta dawo da kanta bayan kiran, wadda ba ta dawowa sai ka danna tsayarwa ka sake kunnawa. Wasu kan kulle waya a 4G kaɗai don hana wannan tsalle-tsalle. Yana taimaka wa rediyo, amma in babu VoLTE kira ba zai shigo maka ba sam, don haka ka san abin da ka saya.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata lokaci. Wi-Fi na ofis ko makaranta kan toshe ƙofar 8000, sai ka ga shafuka na buɗewa amma tasha ta ƙi, nemi adireshin da ya fara da https ba tare da lambar ƙofa ba. Wi-Fi na otal ko filin jirgi sai ka buɗe burauza ka amince da sharuɗɗansu tukuna. Kwanan wata da ba daidai ba a waya kan hana adireshin https buɗewa. VPN kuma yana ƙara tsawon hanya, kashe shi ka gwada.

Jinkiri

Rediyon intanet kullum yana bayan na iska. A Icecast 'yan sakanni ne, a HLS yakan kai rabin minti ko fiye, domin Apple ya ba da shawarar gutsure mai sakan 6, wayar kuma takan tara kamar uku kafin ta fara. Duk sanda sauti ya tsaya ya ci gaba, jinkirin na iya ƙaruwa. Shi ya sa maƙwabcinka mai akwatin rediyo zai yi ihun an ci ƙwallo kai kana jin ana shirin bugun kwana. Ba za ka iya kawar da shi ba, amma tsayarwa da sake kunnawa na mayar da kai kusa da kai tsaye. In za ka kira shiri a waya, kashe tashar gaba ɗaya ka saurari mai gabatarwa ta cikin kiran, in ba haka ba za ka riƙa amsa tambayar da aka wuce. Kada kuma ka saita agogo da sanarwar lokaci ta rediyon intanet.

Mota, lasifika da kunne

A mota, igiyar AUX mai bakin milimita 3.5 ita ce mafi ƙarancin rigima, sai Bluetooth, sai Android Auto ko CarPlay ga motar da ke da su. 'Yar na'urar da ake sokawa a wurin caji ta watsa sautin waya zuwa FM na mota tana yi, in ka zaɓa mata mitar da babu tasha a kai, sai dai mitar da ke fili a wannan gari tana iya zama ta wata tasha a gari na gaba. Zaɓi tasharka kafin ka tayar da mota. Idan sautin Bluetooth ya koma siriri kamar na kiran waya, wata manhaja ce ta buɗe makirufo, na'urar ta sauya daga tsarin kiɗa zuwa na kira. Rufe manhajar, ka cire Bluetooth ka sake haɗawa.

Mai sauraron awanni da iyafis ya kula da ƙara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin ƙara yana rage awannin da sauri. A aikace, ka tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100 na ƙarar wayar. In hayaniyar wuri ce ke sa ka ƙurewa, iyafis mai toshe kunne da kyau ya fi ƙarin ƙara.

Batir da dare

Sautin kansa ba ya cin batir sosai. Allo ne ke ci, sai kuma raunin sigina, domin waya na ƙara ƙarfin watsawa idan ƙarfen sabis ya yi nisa, shi ya sa take ɗumi a hannu a wurin da sanda ɗaya ce. Kashe allo, ka ajiye ta kusa da taga, ka yi amfani da Wi-Fi in akwai. Kada ka bar ta tana caji tana rediyo a ƙarƙashin matashin kai, zafi ba shi da hanyar fita.

Datar da ta fi ciwo ita ce wadda ta tafi kana barci. Awa 7 a tasha mai 128 ya haura MB 400 ba wanda ya ji. Kusan kowace manhajar rediyo, har da VLC, tana da agogon barci, saita shi minti 30 ko 45. Ka kuma bambance dakatarwa da tsayarwa. Wasu manhajoji idan ka danna dakatarwa suna ci gaba da ɗauko sauti suna ajiyewa don ka ɗora daga inda ka tsaya, cire iyafis ma dakatarwa ce kawai yake yi. Don ka san halin taka, danna dakatarwa, ka duba adadin datarta a saiti, ka bar ta minti 15, ka sake dubawa. In adadin ya motsa, daga yau maɓallin tsayarwa mai siffar murabba'i za ka riƙa dannawa, ko ka share ta daga sandar sanarwa kafin ka ajiye wayar.